Gilashin Makro da Masu Hoton Biki a Arewacin Zamfara

Gilashin makro gilashin kyamara ne da aka ƙera domin ɗaukar ƙaramin abu daga kusa ƙwarai. Ma'auninsa shi ne 1:1, wato zobe mai faɗin santimita 2 yakan sauka a kan sensar kyamara da faɗinsa na santimita 2, babu ragi. Akwai gilasan zuƙo masu arha da ake rubuta wa sunan makro a jiki, amma da yawansu ba sa wuce 1:4, mafi kyawunsu kuma 1:2. Na gaskiya tsawonsa ɗaya ne, ba ya zuƙowa, kuma an fi samunsa a 40mm, 60mm, 90mm, 100mm da 105mm.

A Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, abincin mai hoto yana fitowa ne daga hoton fasfo, biki, suna, saukar Alƙur'ani, sallah, da ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura. A da hoton biki bai wuce a jera a tsaya a kalli kyamara ba. Tun da Instagram da TikTok suka shiga hannun 'yan mata, buƙata ta canza. Amarya tana son a ɗauki zanen lallen hannunta, da zobe, da ɗan kunne, da adon bakin mayafi. Ango ma yana son aikin wuyan babbar rigarsa da ɗinkin hularsa su fito zare-zare. A tare da wannan sai wani yayin ya shigo, na dusashe bayan hoto har komai ya narke. Shi ya sa matashin da ya mallaki 50mm f/1.8 yakan sa ransa a kan 85mm da zarar kuɗi sun taru.

Wannan zaɓi bai dace da aikin da ke gabansa ba. Canon 85mm f/1.8 ba ya kama saiti idan abu ya fi santimita 85 kusa, kuma girman da yake bayarwa bai kai kashi ɗaya cikin bakwai ba. Na 50mm ya ɗan fi shi, yana kaiwa wajen ɗaya cikin biyar. Da su biyun, zobe ɗigo ne a tsakiyar hoto, sai an yanke an faɗaɗa, ingancin ya zube. Makro mai tsawon 90mm zuwa 105mm kuwa yana yin aikin biyu: ya ɗauki fuska da kafaɗa ba tare da ya kumbura hanci ba, sannan a matsa ya cika hoto da ƙwayar zobe. Ba sabon abu ba ne. Tamron ya fitar da 90mm ɗinsa na farko a 1979, ya kuma yi suna wajen hoton fuska kamar yadda ya yi wajen hoton furanni. Nikon yana da 105mm f/2.8 mai rage rawar hannu tun 2006, Canon ya kawo irinsa na 100mm a 2009. Mai ƙarfin sayen gilashi ɗaya tak bayan na farkonsa, nan ya kamata kuɗinsa su tafi.

Akwai dalilin da ya fi lissafi nauyi a wannan yanki, shi ne tazara. Makro 40mm sai bakinsa ya kusa taɓa abu, kamar santimita 5, kafin ya ba da 1:1. Na 100mm yana barin kusan santimita 15, kuma tafin hannu gaba ɗaya yana ɗaukuwa daga fiye da rabin mita. Yawancin masu hoto maza ne, amarya kuma tana zaune cikin gwaggonni da ƙawaye. Namijin da ya sunkuya har numfashinsa yana sauka a hannun 'yar mutane ya keta kunyar gida, kuma da wuya a sake kiransa. Doguwar tazara tana tsare mutuncin kowa, tana kuma hana inuwar mai hoto rufe abin da yake ɗauka.

Gilashin yana da nasa rauni, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A kyamarori masu ƙaramar sensa, irin su Canon 600D ko Nikon D3200, 100mm yakan koma kamar 150mm ko 160mm. Ɗakin amarya da gado da jeren kwanuka suka cinye ba shi da filin ja da baya, don haka mai irin wannan kyamara gara ya nemi 60mm. Saitinsa ma yana da nawa, ba na bin doki a guje ranar hawan sallah ba ne. A 1:1 haske yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, kuma abin da ke fitowa tas bai fi milimita ɗaya ko biyu ba ko an tsuke ƙofar haske zuwa f/11. Dole a nemi hasken taga ko inuwar tsakar gida, ko filasha da aka tausasa da farin ƙyalle. Game da dusashe baya, f/2.8 a 100mm ya wadatar. Abin da ya wuce haka sau da yawa ido ɗaya ne ke fita, ɗayan ya ɓace.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne makro yana da kaifi fiye da kima, yana tona ƙuraje da duk wani tabo. Gaskiya ne, amma maganin a haske yake: haske mai faɗi da taushi yana kwantar da fata ba tare da ya shafe ta ba. Abin takaici shi ne yadda ake goge fuska a kwamfuta har ta zama sumul kamar roba, amaren unguwa guda su fito da kama ɗaya. A kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis har yanzu ana ganin dattawa masu tsagar Zamfarawa da ta Gobirawa, alhali an kusa daina yi wa yara. Waɗannan fuskoki sun cancanci gilashin da zai riƙe kowane layi, da mai hoton da ba zai goge shi ba.

Wajen saye, na hannu shi ne daidai aljihun yawancin masu sana'ar, kuma Tamron 90mm da Sigma 105mm sun fi na Canon da Nikon sauƙin kuɗi. Sai a haska fitilar waya ta cikinsa a duba hazo da tabon danshi, a juya zoben saiti a ji ko yana ƙarar yashi. Wanda ba ya miƙewa idan yana saiti ya fi jure ƙurar hunturu, domin mai shiga da fita yana zuƙar iska da ƙura. Wannan ba ƙaramin batu ba ne a inda gyara ke nufin tafiya Kano ko Legas, ta hanyoyin da rashin tsaro ya sa kowace fita ta zama abin tunani. Wanda kuɗinsa ba su kai ba yana iya farawa da zoben ƙari da ake sawa tsakanin kyamara da 50mm. Zoben 25mm yana kai shi sama da 1:2, sai dai ba ya ganin nesa har sai an cire shi, don haka a ɗauki hotunan lalle da zinariya a zama ɗaya kafin a koma kan fuska.