Masu Tattaki, Ku Sauko Gulbi

Wata Juma'a bayan La'asar muna zaune a zaure, ƙanena ya miƙo mini wayarsa ya ce, "Yaya, dubi inda mutane ke yawo." Hoton wata bukkar katako ce a kafaɗar dutse, can ƙasar Suwizalan. Ƙarƙashinta daji ne na dogayen itatuwa masu ganye kamar allura, ga wata ƴar siririyar hanya ta nannaɗe cikinsu kamar igiyar guga da aka yar. Mutum zai fito da hantsi, ya yi awa uku yana hawa, ya isa bukkar ya sha abu mai zafi, ya sauko kafin rana ta faɗi. Yaron ya karɓi wayarsa, ya ja numfashi, ya ce mu dai Allah bai ba mu dutse ba.

Ta nan yana da gaskiya. Daga Tsibiri ka ratsa Maradi har Jiratawa, ba abin da za ka hau sai tudun rairayi. Dutsenmu na kirki shi ne Bagzan, can cikin Ayar, wanda ya haura mita 2,000, kuma zuwa can ba tafiyar Asabar ba ce. Kanawa na da Dala da Goron Dutse, Zazzagawa na da Kufena. Samarin Abuja da Jos kuwa sun daɗe da mayar da hawan dutse al'adar ƙarshen mako: a yi ƙungiya, a ɗinka riga iri ɗaya, a hau, a ɗora hotuna a Facebook da TikTok. Iskar ta iso mana, har na fara ganin ƴan mata da samari suna fita tattaki da sassafe, kowa da ƴar jaka a baya.

Abin ya yi mini daɗi ƙwarai. A garin da mutum kan tsayar da kabu-kabu daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa, inda in aka ce wane ya zo a ƙasa ana nufin ya talauce, ganin matashi ya zaɓi tafiya da ƙafarsa don kansa ba ƙaramin abu ba ne. Hawan jini da ciwon suga sun shiga gidajenmu, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana cewa babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. To ga shi sun samo hanyar yi cikin nishaɗi.

Abin da ke damuna shi ne mun ɗauko hoton mun baro abin da ke bayansa. Waccan bukka ba daga sama ta faɗo ba. A 1863 mutanen Suwizalan suka kafa ƙungiyar masu hawan duwatsu, a shekarar nan suka gina bukkarsu ta farko, yau suna riƙe da wajen 150. Hanyoyin ƙafa masu alama a ƙasar sun kai kilomita 65,000. A mararraba za ka tarar da allo rawaya, kuma abin da ya fi burge ni, lokaci ake rubutawa a kansa: gari kaza awa ɗaya da minti arba'in. Inda hanya ta shiga dutse, sai a shafa fari da ja da fari a jikin duwatsu. A 1985 suka yi doka guda a kan hanyoyin ƙafa, wadda ta ce in aka kashe wata hanya to a maye ta da wata. Ashe abin da ƙanena ke sha'awa ba ya sani ba aikin mutane ne, mutanen da suka yarda cewa mai tafiya a ƙasa yana da haƙƙin hanya da wurin hutawa.

Wannan kuwa mun san shi tun kafin a haifi ƙungiyarsu. Mene ne zango? Mece ce randar da tsohuwa ke girkewa a ƙofar gida, da moda a kan marfi, don duk wanda ƙishi ya kama? Fataken da suka riƙa kai da komo tsakanin Katsina da Gobir a ƙasa suke tafe, kuma su ma da lokaci suke auna hanya: wuni guda, kwana biyu. Gobirawan da suka kafa Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836, ƙarƙashin Sarki Mayaƙi, ba mota ce ta kawo su ba.

Cikin sanyin bara na yi tafiyar da nake so kowane mai tattaki ya gwada. Daga Maradi zuwa Tsibiri kilomita 12 ne ko kusa da haka a kan kwalta, amma ban bi kwalta ba. Bayan Asuba na gangara daga tudun da aka mayar da birnin bayan ambaliyar 1945, na faɗa fadama. Da ka sauka, ƙarar babura ta yanke, iska ta sauya, sai ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa da hayaƙin kara. Gulbin Maradi ya ƙafe a wannan lokaci, rairayi ne fari shimfiɗe, ga sawun shanu da na amalanke. Wannan ruwa daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya bi ta madatsar Jibiya, ya ratsa mu, ya koma Najeriya ya zuba a Rima, kuma ko ya ɓace daga ido yana nan ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa ko'ina ka juya lambu ne: tumatir, albasa, tattasai, zogale, inuwar mangwaro mai duhu, injin ban ruwa yana tari.

Tafiya cikin rairayi ba wasa ba ce. Wanda ke ganin sai da hawa jiki ke sanin ya yi aiki, ya yi awa guda a cikin gulbi ya ji abin da sharaɓarsa za ta gaya masa.

Wajen ƙarfe tara na isa wata ƴar bukkar kara a gefen wani lambu. Na yi sallama daga nesa. Wani dattijo ya ɗago daga kan butar shayi, ya amsa, ya dube ni tun daga takalmi.

"Lafiya, samari? Babur ɗin ne ya mutu?"

"A'a Baba, tafiya kawai nake yi. Tsibiri za ni."

"A ƙasa? To bismilla, zauna ka sha ruwa tukuna."

Ya jawo mini buhu na zauna. Ruwan tulu ne, mai sanyi da ɗanɗanon yumɓu. Ya tsinko tumatir biyu ya goge da gefen rigarsa ya ba ni. Da na tashi na sa hannu a aljihu, ya ɗaure fuska ya ce in ban so mu ɓata ba in mayar. Sannan ya kwatanta mini hanya yadda ba allon da zai iya: in bar babbar tsamiya a hannun dama, in na ga goruba mai reshe uku in karkata hagu, kada in bi ta inda aka shuka albasa don ƙasar na da laushi. Ni dai a nan na ga bukkar da ƙanena ke nema.

Dajin ma muna da namu, sai dai ba irin na hoto ba ne. Da ka hau tudu daga fadama, gawo ne ke tarbarka, itacen da ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya yi kore shar da rani lokacin da kowa ya bushe. Tsakaninsa ga kalgo, sabara, aduwa, magarya. Dattawa za su gaya maka bayan yunwar 1984 wurin nan fili ne fetal, iska na binne shuka da rairayi. A ƙasar Maradin nan ne Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara itatuwa ne masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Manoma suka kama sassabin zamani: a bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kiyaye su. Masu bincike sun ƙiyasta itace miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. A 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo a Suwidin saboda wannan aiki. Baƙi na ƙetaro teku su zo kallon gonakin nan, ɗan gari kuma ya ratsa su bai san sunan itace biyar ba. Wannan yana yi mini zafi.

Na taɓa bin wani ayarin masu tattaki wajen Jiratawa, inda aikin ban ruwa ya mayar da fadama gonar zogale. Yara ne masu kirki, ba na shakka. Amma wani ya rataya lasifika a wuya, kiɗa na tashi tun daga fita har dawowa, ba wanda ya ji kukan tsuntsu ko ɗaya. Muka wuce mata suna tsinkar ganye, babu sannu da aiki. Ana son hoto, sai mutum shida suka taka kunyar da aka dasa jiya. Ledojin ruwa kuwa duk inda aka shanye nan aka yar, a wurin da awaki ke kiwo, alhali kowa ya san abin da leda ke yi wa cikin dabba. Mai gonar bai ce uffan ba, ya tsaya da hauya a kafaɗa yana kallonmu. Na san ayarin da zai biyo bayanmu ba zai sha ruwan tulunsa ba.

A can Turai hanya ta hukuma ce, doka na tsare ta. A nan kusan duk inda ka sa ƙafa gonar wani ce, ko makiyayar wani, don haka izininka shi ne gaisuwarka. Hanyoyin da suka rage na kowa da kowa, wato burtali, gonaki na cinye su taku-taku. Dokar karkara ta 1993 da ta makiyaya ta 2010 sun ba su kariya, akwai kwamitocin filaye da aka ɗora wa aikin, amma hanyar da ba a bi ita ake fara nomewa. A nan nake ganin masu tattaki za su yi amfanin da ya wuce rage tumbi. Ƙungiya ta je ta gaida mai gari, ta nemi wani makiyayi ko tsohon maharbi ya ja gaba, a biya shi jika biyu ko uku. A auna tsawon tafiya da agogo a rubuta. A yi magana da mai lambu ko mai shayi guda a tsakiyar hanya, ya san ranar zuwanku, ku saya a wurinsa. Ga bukka ta samu, ga jagora, ga alama.

Ba zan ɓoye ba, akwai inda ba a zuwa yanzu. Dajin Baban Rafi, wanda shi ne ya fi kama da daji na sosai a jiharmu, ɓarayin shanu da masu satar mutane sun hana shi shiguwa, haka ƙauyukan bakin iyaka. Kada neman hoto ya kai kowa can. Ko tafkin Madarunfa mai kushewun waliyyai 99, a tambayi mutanen wurin halin da ake ciki kafin a ɗaura takalmi. Watan Afrilu ma, da zafi ke haura maki 40, ba na tattakin hantsi ba ne. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinmu.

Ranar waccan tafiya tawa ta bara na shiga Tsibiri kafin Azahar, ƙafafu sun yi furu-furu, na zauna a inuwa daura da fadar Sarkin Gobir na sayi fura. Na ce wa ƙanena in sanyi ya shigo bana tare za mu yi ta, shi da abokansa, lasifika a gida, kowa da buhun kwashe leda. Zan riƙe wa dattijon nan mai lambu sukari da ganyen shayi, tunda kuɗi ya ƙi karɓa.