Jinjina ga Masu Zanen Hoto

Mai zanen hoto yana daga cikin ma'abota sana'a waɗanda wahalarsu ke ɓuya ga idon jama'a, domin kuwa abin da ake gani ranar baje koli shi ne hoton da aka rataye a bango, ba a ganin watannin da ya kwashe a ɗakin aikinsa yana dama launi, yana kankarewa yana sake shafawa, hannu duk fenti, aljihu kuwa galibi wayam. Amma ba don irinsu ba, da kamannin zamani da yawa sun shuɗe ba shaida.

Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman ta Sudan a 1930, ɗan malamin makarantar allo, ya isa hujja. Da ya komo daga makarantar Slade ta Landan ya baje ayyukansa a Khartum, jama'a ba su kula ba. Maimakon ya zarge su da jahilci, sai ya koma ga haruffan Larabci da zayyanar da ya tashi a cikinsu, wannan kuwa tawali'u ne da ba kowane gwani ke iyawa ba.

A 1975 aka tsare shi a kurkukun Kober wata shida ba shari'a, bisa tuhumar hannu cikin yunƙurin juyin mulki. Can ma bai daina ba: yana zane a kan guntayen takardar buhun siminti, in ya ji motsin gandiroba ya binne su cikin yashi. Sai a 2013, yana ɗan shekara tamanin da 'yan kai, gidan Tate Modern na Landan ya tara ayyukan rayuwarsa ya baje wa duniya.