Sihirin Mantarwa A Littattafan Harry Potter



Yau za mu duba waɗansu littattafan labari da suka yi suna a duniya. Sunansu Harry Potter. Wata mata ce ƴar Ingila, J. K. Rowling, ta rubuta su. Guda 7 ne. Na farko ya fito a 1997, na ƙarshe a 2007. An juya su cikin harsuna fiye da 80, har da Faransanci. Ku sani tun yanzu, labarin ƙagagge ne kamar tatsuniya. Amma ko tatsuniya tana nuna wa mai sauraro abin da ke daidai da abin da ba daidai ba. Don haka ya kamata mu auna ta.

Cikin labarin, akwai masu sihiri zaune a Ingila tare da sauran mutane. Suna da makarantarsu, da kasuwarsu, da asibitinsu, da gwamnatinsu. Sauran jama'a ba su san da zamansu ba. An ce tun 1692 suka kafa dokar ɓoye kansu, saboda a da ana farautarsu ana kashewa. To, in wani ya ga sihiri da idonsa fa? Sai gwamnatinsu ta aiko ma'aikaci. Ya nuna wa mutumin sanda, ya faɗi kalma guda, abin da ya gani ya fita daga kansa.

Ɓoye kai ba baƙon abu ba ne gare mu. Mun saba jin labarin layar zana. Amma mai layar zana jikinsa kawai ya ke ɓoyewa. Waɗannan kuwa cikin kan mutum su ke shiga, su ɗebe abin da suka ga dama, ba su nemi izininsa ba. A nan ne na ke da magana da mai littafin.

Ku ji yadda ta kasance a littafi na 2, na 1998. Akwai wani malamin makaranta, Lokat. Yakan je wurin waɗanda suka yi aikin jarumta, ya ji labarinsu daki-daki, ya mantar da su, sannan ya rubuta littafi ya ce shi ya yi. Daga ƙarshe ya so ya yi wa ɗalibai biyu haka, Hari da abokinsa Ron. Sandar da ya ɗauka karyayya ce, sihirin ya koma kansa, ya manta ko shi wane ne. A nan marubuciyar ta yi daidai. Ta nuna mantar da mutum sata ce, kuma ɓarawon ya girbi abin da ya shuka.

Yanzu ga littafi na 4, na 2000. Masu sihiri wajen 100,000 sun taru don kallon wani babban wasa. Wani talaka mai suna Robats, wanda ba shi da sihiri, shi ke tsaron filin da aka kafa tantuna. Ya ga baƙi da tufafi iri-iri, waɗansu na miƙa masa manyan kuɗin zinariya. Ya fara zargin akwai wani abu. Wani ma'aikaci ya ce sau goma a rana a ke mantar da shi. Da dare miyagu suka ɗaga shi sama da sihiri, shi da matarsa da ƴaƴansa biyu, suna wulaƙanta su. Aka cece su, aka sake mantar da su. Da safe Robats yana yi wa mutane barka da Kirsimeti, ga shi ana tsakiyar watan Agusta. Aka ce ba komai, zai warware.

Ku tsaya ku auna. An ci mutuncin mutum da iyalinsa. Maimakon a ba shi haƙuri, a bi masa hakkinsa, sai aka ɗauke masa sanin abin da aka yi masa. Wanda bai san an cuce shi ba, ina zai kai ƙara? Wa zai kira shi shaida? Abin da Lokat ya yi aka kira shi mugu, shi gwamnati ta yi wa Robats, labarin kuwa ya wuce kamar abin dariya. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Akwai kuma wani abin lura. A littafi na 6, na 2005, mun ga firaministan Ingila ya san sirrin. Shugaban masu sihiri da kansa ya ke zuwa ofishinsa ya yi masa bayani. Ke nan babba a faɗa masa gaskiya, talaka a share masa kai.

Ba za mu hana wa marubuciyar hakkinta ba. Tsoron masu sihirin yana da dalili. Kuma a littafi na 7 ta nuna zafin abin. Wata ɗaliba, Hamayoni, ta sa iyayenta sun manta suna da ɗiya, suka ƙaura Ostaraliya, don kada abokan gaba su same su. Da hawaye ta ba da labarin. Amma hawayen mai sihiri aka nuna mana. Yadda iyayen za su ji in sun gane, littafin bai faɗa ba.

Littattafan suna da daɗi, suna koya zumunci da ƙarfin zuciya. In an karanta muku su, ko kun ga sinimarsu tare da yara, ku ji daɗinsu. Amma ku tambayi yaran: da kai ne Robats, ka yarda a yi maka haka? A ganina, abin da mutum ya gani da idonsa nasa ne, kamar gonarsa da bisashensa. Mai iko ba shi da damar ɗauke shi, ko da ya ce don zaman lafiya ya yi.

Sai wani jiƙon. Allah ya bar mu tare.