Suwic Takwas, Kwakwalwa Ɗaya: Rabin Shawarar da Ba a Faɗa Maka

Idan ka taɓa shiga ɗakin saba, ka ga kabad-kabad na ƙarfe a jere, kowanne cike da na'urori masu ƙyaftawar fitila. Waɗanda kebul ya yi wa yawa a gaba su ne suwic, wato na'urorin da ke rarraba saƙo tsakanin kwamfutoci. Shawarar da za ka fi ji daga masu sayarwa da masu girkawa ita ce: ka sarƙe su duka su zama ɗaya, ko da suna kabad daban-daban, ka huta. Ni dai ban yarda da ita ba.

Gaskiya tana da amfaninta. Ɗauki Catalyst 9300 na kamfanin Cisco. Da tsarin StackWise-480 za ka iya haɗa har suwic 8, su yi magana da juna a gudun jigabit 480 cikin daƙiƙa. Adireshi ɗaya gare su, saiti ɗaya. Ga ma'aikaci ɗaya tilo mai kula da gini guda, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

To ina matsalar? Ta fara daga kebul. Kebul ɗin wannan haɗi tsawo uku gare shi: santimita 50, mita 1 da mita 3. Kuma zobe ake yi, dole na ƙarshe ya dawo ya haɗu da na farko. Da zarar ka ratsa kabad uku, kebul ɗin dawowa zai iya kasa kaiwa. Sai a bar zoben a buɗe, a ce ai yana aiki. E, yana aiki, amma gudun ya ragu da rabi, kuma babu hanya ta biyu. Wuri ɗaya ya ƙara tsinkewa, tarin ya rabu biyu, kowane ɓangare na iya ɗaukar kansa shugaba da adireshi iri ɗaya. Wuta ta ɗauke wa kabad na tsakiya kaɗai ma ta isa ta jawo haka.

Babbar matsalar ma ba kebul ba ce. Duk suwic ɗin da ke tari guda, kwakwalwa ɗaya ke jan ragamarsu. Akwai mataimaki da zai karɓa idan shugaba ya mutu, amma manhaja ɗaya ce a kansu duka. In manhajar na da aibi, kowa ya kamu. In za ka sabunta ta, galibi sai dukkansu sun mutu sun tashi tare. Ka yi kuskure a saiti, ya shafi kowa nan take. Ka ga an sayar maka da na'ura takwas, amma ranar tsautsayi ɗaya gare ka.

Me ya fi? Ka tara suwic ɗin cikin kabad ɗaya kawai, inda gajeren kebul zai rufe zobe ba tare da an ja shi ba. Daga kowane kabad ka fitar da layin faiba biyu, daga suwic biyu mabambanta, ka ɗaure su da LACP zuwa manyan suwic biyu na tsakiya. Nisa ba zai dame ka ba: faiba nau'in OM3 tana kai jigabit 10 har mita 300. Su kuma na tsakiyar, in da hali ka haɗa su da MLAG, ko vPC a kan Nexus, inda kowanne ke da kwakwalwarsa, za ka iya sabunta ɗaya ɗayan na aiki. Ka lura, StackWise Virtual ya warware batun nisa, amma kwakwalwar har yanzu ɗaya ce.

Wannan hanya ta fi tsada, kuma saitinta ya fi yawa, ban musa ba. Amma kafin ka sa hannu a takardar kwangila, ka tambayi mai girkawa abu ɗaya: ranar da za a sabunta manhaja, kabad nawa ne za su yi shiru lokaci guda? In ya ce duka, ka nemi ya sake zane.