Waƙar Kaka Ba Ta Cikin Salula

A Japon, gidajen kula da tsofaffi kan tara su su rera waƙoƙin ƙuruciya, irin Furusato ta 1914, waƙar begen gida. Tsohon da mantuwa ta kama, sai ka ji baiti ya dawo bakinsa.

Mu fa a Tanut da Belbeji? Sai mu kunna wa kaka Ma'azu Ɗan Alalo ko Shata a salula, mu fice. Gwanaye ne, ba musu, amma yabon sarakuna da attajirai suka fi yi. Ita kuwa waƙarta ta daka ce da ta gaɗa, ga shi injin niƙa na kashe lugude.

Ƴan'uwa, ku zauna, ta bayar, ku yi amshi. Ran da ta kau, wa zai tuna mana?