Ɗan Akwati a Gurbin Baƙi Mai Ƙugiya

Akwai wata al'ada da ta yaɗu tsakanin masu buga darussan Hausa da kwamfuta, wadda ya kamata a dube ta da idon basira. Idan malami ya buɗe rubutu ya tarar da ɗan akwati a gurbin ɓ, ɗ ko ƙ, sai ya share, ya sa b, d ko k. A ganinsa gyara ya yi, alhali kuwa ɓarna ce.

Asalin kuskuren shi ne zaton baƙin ya ɓace. Tun 1991 tsarin Unicode ya ba kowane ɗayan waɗannan baƙaƙe lambarsa. Manhajar rubutu tana riƙe da lambar daram. Zubin haruffan da aka zaɓa ne ba shi da siffar da zai nuna ta. Magani kuwa shi ne a shiga wurin zaɓen zubi, a ɗauki wanda ya ƙunshi baƙaƙenmu, kamar Charis SIL ko Gentium, nan take ƙugiya za ta bayyana.

Amma lalle a rarrabe wannan da wata cuta dabam. Tsofaffin zubi na kafin yaɗuwar Unicode sukan ɗora siffar ƙ bisa lambar wata alama. Irin wannan rubutu, da ya bar kwamfutar mai shi sai ya rikiɗe, kuma ba ya warkewa sai an musanya kowace alama da baƙinta na gaskiya.

Wani zai ce ai Bahaushe ya san inda ƙugiya take ko ba a rubuta ba. To, ina yaran ƙasar Zuru, waɗanda da yawansu C'lela ne harshensu na gida? Su takarda ce ke tabbatar musu da bambancin kafa da ƙafa, da na fada da faɗa, da na baki da baƙi. Malamin da ya share ƙugiya ya koyar da kuskure da hannunsa.

Bargery ya yi ta sa wasu alamomi don nuna baƙaƙen nan a ƙamusunsa na 1934, kafin masu ƙugiya su kafu a Zariya. Magabata sun sha wannan wahala da injin dalma. Saboda haka ya kamata kwalejojin horon malamai su sa zaɓen zubi cikin darasin ƙa'idojin rubutu.