Littattafan Koyon Turanci na Bakin Masallaci

Mun ɗauki lokaci mun duba ƙananan littattafan nan na koyon Turanci da ake bazawa a tabarma ranar Juma'a, kuma mun ga ya kamata mu ce wani abu, tunda mutanenmu na sa kuɗinsu a ciki.

Mu fara da yabo. Suna da araha, bayanin da Hausa ne, babin gaisuwa da na ƙirge ba laifi. Buƙatar ma gaskiya ce. A kasuwa Yarbanci da broka sun ishe mu, amma takardar haya, fom ɗin banki da sakamakon yara duk da Turanci suke zuwa.

Inda muke da ja shi ne, marubutan sun ɗauki mai karatu kamar bai taɓa zama gaban malami ba. Shafin farko sai a jibge masa rabe-raben kalma guda 8, wai ya haddace. Alhali wanda ya karanta Ajurrumiyya ya san isimi da fi'ili da harafi tun yana yaro. Da a ce masa "the" kusan aikin alifi da lamu take yi, ko bambancin "buhu" da "buhun", ai da ya gane nan take. Haka "th" da ake ta rubuta masa da "z" ko "s". Kai jama'a! Harufan nan biyu muna da su a tajwidi: na "think" shi ne na farkon sawabu, na "this" kuwa na farkon zikiri, in an fitar da su a mafitarsu, harshe tsakanin haƙora. Mai gyara karatunsa bai rasa su ba. Wahalarmu ta gaske "p" ce da "f", don a Hausa baƙi ɗaya ne, su kuma ba wanda ya tsaya a kansu.

Abin da ya fi damun mu shi ne wanda ya shafi dukiya. Mu kalma ɗaya muke juyawa, mu ce "na ara", mu ce "na ara masa". Bature ya raba: mai karɓa "borrow", mai bayarwa "lend". Littattafan sukan fassara duka biyun da "aro" su wuce. To, a takardar bashi wa ke bin wa? Ayar bashi ta Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo, ta umarce mu da rubutawa, rubutun kuwa a nan kudu da Turanci ake yi. Ga kuma broka: "I go pay" nufinsa zan biya, "I don pay" na riga na biya. Turancin takarda "I will pay" ne da "I have paid". Dillalin goro ko na shanu da bai rarrabe waɗannan ba zai iya sa hannu a kan cewa an biya shi, alhali alkawari kawai aka yi masa.

Misalan ma ba namu ba ne: yaro ya tafi makaranta, kyanwa ta hau tebur. Ina rasit, ina takardar kaya ta direba?

Saboda haka ba mu ce kada a saya ba. A saya don kalmomi, amma a kai wa ɗaya daga cikin 'ya'yanmu da suka gama sakandare a karanta tare bayan Isha'i, a haɗa da tsohon rasit ko takardar haya. Takardar da ta shafi bashi kuwa, kafin a dangwala yatsa a samu mutum biyu su karanta ta.